Haɗa wa tsohon babur keken gefe: nauyin da zai ɗauka da awon da ba a yi masa ƙiyasi

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwa a Garwa. Yana da tsohon babur 125 ƙirar Honda CG wanda ya haura shekara 15 a hannunsa, injin kuma har yanzu da bugu ɗaya yake tashi. Yana so a haɗa masa keken gefe, wato akwati mai ƙafa ɗaya da ake ɗaurewa a jikin babur, don ɗaukar jarkokin ruwa da kayan kasuwar Pitowa ranar Lahadi, wani lokacin kuma ya kai mahaifiyarsa asibiti, tunda yanzu ba ta iya hawa baya. Ya ce: "Babur ɗin zai ɗauka kuwa? Kuma me zan gaya wa mai walda?"

Malam, Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka maka da alheri kan wannan niyya. Zai ɗauka, amma ba kowane kaya ba, kuma ba da kowane irin haɗi ba. A ƙasar Filifin babura masu keken gefe su ne 'yan hayar unguwanni da ƙauyuka, yawancinsu injin 125 zuwa 175, wasu ma jinin wannan CG ɗin taka ne. Sai dai ba ɗaura akwati kawai suke yi su kama hanya ba. Suna sauya wayoyin ƙafa da masu kauri, su ƙara shokazoba a baya, su rage wa babur gudu ta wajen sarƙa. Kai ma hanyar da za ka bi ke nan.

Mu fara da lissafi. Babur ɗinka da mansa ya kai kilo 110 ko ɗan sama. Kai kanka mu ce 70. Keken gefen da aka ƙera da hankali, 45 zuwa 55. Kafin ka ɗora ko tsinke an kai kilo 230, injin kuwa ƙarfin doki 11 ne da shi lokacin da yake sabo. Don haka iyakar kayanka kilo 100 zuwa 120 ne: buhun masara ɗaya, ko jarka biyar masu lita 20, ko babban mutum ɗaya da ɗan ƙunshinsa. In abin da ke ranka buhu uku ne kullum, kada ka ɓata kuɗi a wurin walda, ka tara ka sayi keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wanda ƙafafunsa biyu na baya duka suke turawa. Tsohon 125 da aka ɗora wa irin wannan nauyi kulocinsa ne zai fara ƙonewa, sannan firam ya biyo baya.

Keken a hannun dama zai zauna. Kamaru da Chadi a dama ake tuƙi, haka Najeriya tun 1972. Hotunan da za ka gani na Ingila ko Indiya da keke a hagu, don su a hagu suke tuƙi ne. In mai walda ya kwaikwayi irin wannan hoto, ya ajiye Inna daidai inda manyan motoci ke tahowa, kuma duk lokacin da za ka wuce wata mota sai Inna ta riga ka leƙa hanya.

Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, a tuɓe babur ɗin: tanki, kujera, murafun gefe, salansa. A wanke firam da kananzir. Wuri uku ne tsohon firam ke tsagewa: ƙarƙashin wuya inda sandar gaba ta haɗu da bututun sitiyari, kusa da ƙusar da hannun ƙafar baya ke lilo a kanta, da kuma bayan kujera inda aka saba walda ƙarfen ɗaukar kaya. Tsagar da ido ba ya gani akwai tsohuwar dabarar fito da ita: a shafa kananzir a bar shi minti goma, a goge tas da tsumma, a barbaɗa garin alli. Inda ya tsage, kananzir ɗin da ya shige ciki zai dawo ya zana siririn layi mai duhu a kan farin allin. In layin ya fito a wuya, wannan firam ya gama aiki, a nemi wani. Sannan a ja zare gefe da gefen ƙafafun biyu a ga ko ta gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Babur ɗin da ya daɗe yana kilando, wato acaɓa, yana ɗaukar mutum uku, sau da yawa za ka same shi a murɗe. A ƙafa biyu mai shi ya saba da shi har ba ya ji, amma a ƙafa uku ba awon da zai zauna a kansa.

Daga nan a kama ƙafar baya a girgiza ta hagu da dama. In ta motsa, robobin hannun ƙafar sun cinye, a sauya. A ɗaga gaba a juya sitiyari a hankali. In yana sarƙewa a tsakiya kamar ya faɗa rami, boris ɗin wuya ya ci wurinsa, a sauya har da mazauninsa. Dalilin wannan binciken ƙwaƙwaf shi ne, babur mai ƙafa biyu yana kwantawa a kwana, sai nauyi ya bi tsayin ƙafa ya sauka ƙasa. Mai keken gefe ba ya kwantawa. Duk kwanar da ka sha, nauyin ta gefe yake tura ƙafafu, wayoyi, boris da sandunan gaba, wato ta inda ba a ƙera su su ɗauka ba. Ɗan sakin da ba ka damu da shi ba jiya, gobe shi ne zai girgiza maka hannu.

Yanzu maganar haɗi, inda yawancin aikin gareji ke lalacewa. Firam ɗin CG da duk 'yan China da suka kwaikwaye shi a buɗe yake ta ƙasa. Sanda ɗaya ce ta sauko daga wuya ta kama gaban injin, injin kansa shi ne ya cike ragowar. Ba wani bututu a ƙarƙashi da za a kama. Mai gaggawa sai ya ɗaure keken a ƙusar injin, ko a ƙarfen takawa, wani ma a jikin hannun ƙafar baya da ke hawa da sauka. Ƙarshensa kunnen injin ya fashe, kuma alminiyon ne, gyaransa sai an sha wuya. Abin da ya dace shi ne a ƙera ƙaramin firam na biyu a ƙarƙashin injin: bututu mai kaurin bango milimita 3, ya taso daga farantan da ke riƙe gaban injin, ya bi ƙasa, ya kama inda jakin tsakiya yake, kusa da ƙusar hannun ƙafar baya. Farantan kamun su zama milimita 5 ko 6, a ɗaure da ƙusa da noti. A jikin wannan ƙaramin firam ne kamu biyu na ƙasa za su zauna.

Kamu huɗu ake yi, ba uku ba. Biyu a ƙasa, ɗaya gaban injin ɗaya bayansa, a nisanta su da juna iyakar yadda wuri ya bari, su ke ɗaukar nauyi da ja. Biyu a sama, sanduna ne masu tokarewa: ɗaya daga ƙarƙashin wuya, ɗaya daga mahaɗar firam kusa da inda kan shokazoban baya yake, su sauko a karkace su kama firam ɗin keken. Kada su tafi a jere kamar layin dogo, ɗaya ta karkata gaba, ɗaya baya, ta yadda ko ta ina ka duba kusurwa uku kake gani. Murabba'i yana naɗewa, kusurwa uku ba ta naɗewa. Kowace sandar sama a yi mata bakin zare mai kaurin milimita 16 da notin kullewa, don a iya tsawaita ta ko a rage, kuma zaren ya shige ciki aƙalla milimita 25, wanda ya rage a waje ya zama gajere. Mai waldar da ya ce zai like komai gaba ɗaya "ya fi ƙarfi", ka ce masa a'a. Keken da ba a iya saita shi ba, ranar da ya fara jan hannu sai dai a yanka.

A firam ɗin babur kuwa, kada a zagaye bututu da walda kamar zobe. Bangonsa siriri ne, zafi yana raunana shi, kuma daidai bakin waldar yake karyewa. Maƙala mai faɗin santimita 5 zuwa 6 da ta rungume bututun, da ƙusa biyu, ta fi. Inda dole sai an yi walda, a sa faranti a bi tsawon bututun. A cire tanki, a cire batir da akwatin wuta na CDI kafin a kunna injin walda. Ƙusoshin kamu su zama masu milimita 12, waɗanda aka buga wa 8.8 a kai, da noti mai roba a ciki ko noti biyu. Ƙusar da kanta ba lamba, ta ƙofa ce da taga. Kuma ka tsaya a kansa lokacin awo, don yawancin hidimar babur ɗinka a dama take: sandar tayarwa, birkin ƙafa, salansa, ma'aunin baƙin mai da murfin kuloci. Ka hau, ka buga sandar har ƙasa, ka taka birki, ka tabbata ƙafarka na shiga da fita ba ta taɓa komai, kuma ana iya cire murfin kuloci ba sai an kwance keke ba.

Firam ɗin keken kansa ba shi da wuya. Bututu mai kusurwa huɗu 40 da 40, kaurin bango milimita 3, mita ɗaya tana da nauyin kilo 3 da ɗan ɗoriya, mita huɗu sun isa a yi murabba'i da sandar tsakiya. Kada a yi da bututun ruwa mai farin shafe: hayaƙinsa guba ne ga mai walda, kuma waldar ba ta kama shi da kyau. Akwatin a yi shi da falle mai milimita 1 ko katako, faɗi santimita 55 zuwa 60, tsawo kamar 130. Tsakanin firam da ƙasa a bar santimita 18 zuwa 20 saboda hanyoyinmu. Ƙafar keken ta zama girman ta baya, inci 17 ko 18, don taya da tib ɗaya su yi maka ko'ina. A ɗora ta a kan gajeren hannu mai lilo da shokazoba ɗaya mai tauri, wanda ba ya nutsewa fiye da santimita 5 ko 6. Mai laushi daɗin zama gare shi a tsaye, a kwana kuwa sai ya sa duk abin ya tangaɗa.

Ga wani wuri da ake yawan kuskure. Sandar tsakiyar ƙafar babur milimita 12 ce ko 15, kuma ta isa ne don an riƙe ta ta bakin biyu. In aka ɗauko wannan ƙafa aka soka mata sanda mai riƙo ta gefe ɗaya, ramin farko mai kyau zai lanƙwasa ta. Ko dai a yi wa ƙafar hannu mai baki biyu ya riƙe ta ciki da waje, wanda shi na fi so, ko a ƙara kaurin sandar zuwa milimita 20. In cibiyar ƙafar tana ɗaukar boris mai lamba 6302, to 6004 yana shiga mazauni ɗaya, don dukansu faɗinsu na waje milimita 42 ne, amma ramin 6004 milimita 20 ne. Ya fi siriri da milimita 1, sai a cike da wosha, mai injin sassaƙar ƙarfe kuma ya yi sabon bututun tsakiya da ke raba boris ɗin biyu. In aka manta da wannan bututun, ɗaurin noti kaɗai zai kashe boris cikin mako.

Sai awo uku, kuma su ne ran aikin. A yi su a kan daɓen siminti da ba tudu ba gangare, an hura tayoyi, mutum mai nauyinka yana zaune a kan babur, an kuma ajiye kayan da aka saba ɗauka a cikin keke. In aka auna shi wayam, da ka hau komai ya sauya.

Na farko, inda ƙafar keke za ta tsaya. Ba ta zama daidai da ƙafar baya, tana gabanta. Tsakanin ƙafafun babur ɗinka santimita 120 zuwa 130 ne, don haka tsakiyar ƙafar keke ta riga tsakiyar ƙafar baya da santimita 20 zuwa 25. In ta yi baya da yawa, ranar da ka sha kwanar hagu da gudu hancin keken zai dunguri ƙasa, ƙafar bayan babur ta tashi sama. In ta yi gaba da yawa, sitiyari ya yi nauyi, tayar keke ta riƙa gurzar ƙasa a kowace kwana. Faɗi kuma, daga tsakiyar tayar baya zuwa tsakiyar tayar keke, santimita 100 zuwa 110. Mutane kan so a matse shi don ya shiga zaure. Duk santimitar da ka rage a nan, ka sauƙaƙa masa kifewa ne. Wannan awon tun wajen yankan ƙarfe ake yanke shi, ba ya gyaruwa da sifana.

Na biyu, bakin tayar keke ya ɗan kalli babur. Keken yana gefe yana jan baya, kullum so yake ya janye ku dama, wannan 'yar karkata ita ke rage jan. A samo miƙaƙƙun ƙarafa biyu masu mita 2 da rabi, a ɗora su a kan bulo su tashi santimita 10 daga ƙasa. Ɗaya ya jingina da tayar baya ta gefen hagu, ya taɓa bakinta na gaba da na baya. Ba zai taɓa tayar gaba ba tunda ta fi siriri, sai a daidaita sitiyari har tazarar ta zama ɗaya. Ɗayan ya jingina da tayar keke ta waje. A auna tsakanin ƙarafan biyu a bayan tayar baya, a sake aunawa a gaban tayar gaba. Na gaba ya gaza na baya da milimita 15 zuwa 20. Da kamun ƙasa ake saita shi. In ya yi yawa, ba za ka ji a hannu ba, a aljihu za ka ji: tayar baya da ya kamata ta yi wata shida sai ta siɗe cikin 'yan makonni. Shafa tafin hannu a kan tayar keke daga ciki zuwa waje, in ka ji haƙoranta sun yi kaifi ta gefe ɗaya kamar zarto, gurza take yi.

Na uku, babur ya ɗan kishingiɗa waje, ya bar keken, wato ya karkata hagu da digiri 1 zuwa 2. Ba sai da na'ura ba. Rataya zare mai dutse daga saman tayar baya ta hagu: digiri 1 a taya mai tsayin santimita 60 yana ba da tazarar kusan milimita 10 tsakanin zaren da gefen tayar a ƙasa. A fara da 10. Firam ɗin keke shi kuma ya kwanta daidai a ma'aunin ruwa na magina, hancinsa ya ɗan fi bayansa tashi da santimita 1 ko 2, ƙafarsa a tsaye cak. Daga nan sai gwaji a miƙaƙƙiyar kwalta da gudun kilomita 40. In yana jan ka dama har kafaɗa na gajiya, a tsawaita sandunan sama, zagaye ɗaya ɗaya, babur ya ƙara kishingiɗa. In hagu yake ja, a rage. A sassauta kamun ƙasa kafin a juya su, kada a tilasta wa firam, kuma duk lokacin da aka taɓa wannan a sake duba awo na biyu, don suna jan juna. Kwalta tana gangarawa bakin hanya don ruwa ya wuce, saboda haka a gwada a hannun da ake tuƙi, ba a tsakiyar titi ba. Saiti mai kyau shi ne wanda da kayanka na kullum, a gudunka na kullum, yatsu biyu sun isa su riƙe shi a miƙe.

Shi ma babur ɗin sai an yi masa gyaran da ya dace da sabon aikinsa. A sarƙa, a rage haƙori ɗaya a ƙaramin pinyo na gaba, wato faifai mai haƙora da sarƙa ke bi, a ƙara biyu ko uku a babban na baya. Misali in kana da 15 da 38 ka koma 14 da 41, ka ƙara ƙarfin ja da wajen kashi 15 cikin 100, gudu kuma ya ragu da kusan haka. Ba asara ba ce, don wannan abin hawa bai kamata ya wuce kilomita 50 a awa ba. Ribar ita ce tashi da giya ɗaya ba tare da an daɗe ana murza kuloci ba. A sa sababbin farantan kuloci da sifirin ɗinsu, da sabuwar sarƙa 428 mai kauri. Shokazoban baya a sa masu tauri a matsa su matakin ƙarshe. Na gaba a zuba musu mai mai kauri, a sa ɗan bututu na santimita 2 a kan sifirin, a kuma haɗa sandunan biyu da faranti a saman murfin taya don kada su murɗe. Wayoyin ƙafa, waɗanda a gareji ake cewa reyo, a ɗinka masu kauri a baya. Bi su da sifana kana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya: mai kyau tana ƙara siririya, wadda ta saki sai ka ji ta ce ɗif. Ɗaya in ta saki, maƙwabtanta ke ɗaukar nauyinta har su ma su tsinke. Taya a nemi mai faɗin baya, mai ninki shida, iska kilo 2 (bar 2 a ma'aunin iska) a gaba da ta keke, 2 da rabi a baya in an yi lodi, muddin bai wuce abin da aka rubuta a jikinta ba.

Birki shi ne abin da ya fi damuna a tsohon 125. Ƙaramin birkin ganga ne da aka yi don mutum biyu, yanzu zai tsayar da kilo 340. Sababbin takalman birki da sabuwar waya dole ne. In ƙafar keke ta zo da gangarta, a ja mata waya daga birkin ƙafa, a saita ta kama bayan na baya ya kama, kuma a hankali. In ta riga kamawa, keke wayam zai fizge ka dama.

Zafin Maris da Afrilu a Garwa, Marwa da Njamena yana haura digiri 40, injin kuma iska ce kaɗai ke sanyaya shi, ga shi yanzu yana aiki da yawa a gudu kaɗan. Baƙin mai 20W-50, a juye shi duk kilomita 1,000, lita ɗaya ce ba ta da yawa. Kada akwatin ya tare iskar da ke bugun kan injin. Lokacin hunturu a wanke matatar iska duk mako. Fetur kuma ka sa ran zai ƙara sha, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye.

Kusan kowane sabon haɗi yana kaɗa kai a gudun kilomita 20 zuwa 35: sitiyari ya riƙa rawa hagu da dama, musamman in ka saki totur. Kada a yi saurin ɗaura masa abin danne rawa. A fara duba iskar taya, sakin wayoyi, robobin baya da kamun da bai ɗauru ba. A ƙara matse boris ɗin wuya kaɗan, yadda in an ɗaga gaba sitiyari ba ya faɗuwa gefe da kansa amma ba ya sarƙewa. Hannun babur mai faɗi yana taimakawa, don sitiyarin zai yi nauyi fiye da yadda ka sani. In bayan duk wannan rawar ba ta tafi ba, sannan a sa ƙaramin shokazoba na sitiyari tsakanin sandar gaba da firam ɗin keke, a tabbata bai hana sitiyari kaiwa ƙarshe ta kowane gefe ba.

Tuƙinsa kuwa, ka ɗauka ba ka taɓa hawa babur ba. Wanda ya shekara 20 a kan ƙafa biyu ya fi sabon shiga haɗari a makon farko, don jikinsa zai nemi kwantawa a kwana, abin kuma ba zai juya ba sai an juya sitiyari da ƙarfin hannu kamar mota. In ka ba da wuta zai ja dama, don keken na baya yana jan jiki. In ka saki ko ka taka birki zai tura hagu, don keken bai san an tsaya ba. Kwanar dama ita ce mai kisa: ƙafar keke tana tashi sama, mutum ya firgita ya miƙe sitiyari, sai ya tsinci kansa a hannun masu tahowa. Maganinta a rage gudu tun kafin a shiga, a sauko da giya, a zame jiki wajen keke, a ba da wuta kaɗan kaɗan babur ya zagaye keken. A kwanar hagu kuma a sassauta totur keken ya zagayo babur. Ka je filin ƙwallo da ba kowa, ka ɗaure jarka biyu cike da ruwa a cikin akwatin, ka yi ta zana lamba 8 na kwana uku. Ka koyi ɗaga ƙafar keken da gangan a gudun tafiyar ƙasa, ka sauke ta da kama kuloci da ɗan buɗe kwana, har abin ya daina ba ka tsoro. Kafin wannan, Inna ba ta shiga ba.

Akwai gwajin tsaye da za ka yi tun a gareji: taka matakin hagu da ƙafa ɗaya, riƙe sitiyari, ka jefa nauyinka waje. In ƙafar keke ta tashi cikin sauƙi, ya yi sakayau ko ya yi ƙunci. Irin wannan ba ya fita wayam sai da buhun yashi na kilo 25 zuwa 30 a ɗaure a ƙasan akwati kusa da ƙafarsa. Kaya kullum su zauna ƙasa ƙasa, a kan tsakiyar ƙafar keke ko ɗan bayanta, ba a hanci ba, kuma a ɗaure su. Jarkar da ba ta cika ba ruwanta yana kai da komo a kwana, gara a cika ta fal. Kada ka taɓa goya babban mutum a baya keken yana wayam. Mai nauyi shi ke shiga keke.

Saboda Inna, kujerar ta zama ƙasa, da majingina da katifa mai kauri, da ƙarfen riƙewa a gaba, da ɗan mataki a gefe don shiga. A rufe ƙafar keke da falle ta ciki gaba ɗaya, a kuma rufe gefen da ke kallon ƙafar baya, don bakin zane ko mayafi in ya shiga wayoyi ba ya ba da lokaci. A sa faranti tsakanin salansa da akwatin. Rumfa in za a yi, ta tamfol ce a kan siririn ƙarfe, rufin kwano mai nauyi a sama yana ƙara masa saurin kifewa. Hular kwano ku biyu.

Ka kuma san inda ba zai je ba. Sawu biyu yake yi, don haka siririyar hanyar gona da babur ke bi ta fi ƙarfinsa, ƙafar keke a cikin ƙaya za ta yi tafiya. Ƙafa ɗaya ce ke turawa, ita ma a gefe, shi ya sa yashin mayo, wato busasshen rafi, ke kama shi, laka irin ta ƙasar karal, wato baƙar ƙasa mai danƙo, da damina kuwa ko kusa. Babura irin Ural, 'yan asalin Rasha, suna da samfurin da ƙafar keke ma ke turawa, naka ba shi da wannan. In yashi ya zama dole, fasinja ya sauka, a shiga da giya ɗaya ba tsayawa. Rami kuma yanzu da layi biyu za ka kauce masa, in ba hali gara ƙafar keke ta faɗa a hankali da a ce ta gaba ce.

Wuta: farar ƙaramar fitila a gaban murfin tayar keke, ja a baya da abin ƙyalli, a kuma mayar da siginar dama can bakin keken. Da dare mai tahowa in fitila ɗaya ya gani zai ɗauka babur ne kawai. Ƙwan LED ya fi, don tsohon injin ba ya ba da wuta da yawa. Takardu kuma, tunda kart giriz ɗinka, wato takardar rajista, ta babur mai ƙafa biyu ce, ka je ofishin sufuri da wurin masu inshorarka ka faɗa musu abin da za ka yi tun kafin a sayi ƙarfe, ka karɓi amsarsu a rubuce.

Bayan an gama saiti, a ɗiga fenti a kan kowane noti ya gangaro jikin ƙarfen da yake kai, in layin ya rabu ka san ya juya. A bi duk kamun da sifana bayan kilomita 20 na farko, a sake a 100, a sake a 500, daga nan duk ranar juye baƙin mai. A ranar ne kuma za a ƙwanƙwasa wayoyi, a girgiza ƙafafu uku, a duba bakin kowace walda. Jan ƙura mai kama da garin barkono da ke fitowa daga mahaɗa alama ce ƙarfe biyu na cin juna a wurin, a kwance a duba ramin ƙusar kafin ya zama ƙwai.